Mutum Goma a Tambutu: Rayuwar Wani Malamin Yahudawa a Bakin Hamada

A ƙarshen watan Maris na 1853 wani Bajamushe mai suna Heinrich Barth, wanda ke kiran kansa Abdulkarimu, ya sauka a Zurmi cikin ayarin Galadiman Sakkwato. Daga Katsina suka taso, hanya kuwa ba lafiya, don ana fargabar harin Gobirawa a dajin. Ya bi ta Badarawa, wadda ke ƙasar Shinkafi a yau, ya iske Sarkin Musulmi Aliyu Babba a sansaninsa na Gawasu, ya haye Kwara a Say, ya yi ta nausawa yamma har ya shiga Timbuktu, wadda fatakenmu ke kira Tambutu, ranar 7 ga Satumba. A can ya tarar da tufafin Kano ana cinikinsu a kasuwa. Wato hanyar da ta ratsa ta ƙofar gidajen kakanninmu ta kai har wannan birni.

Shekara shida bayan haka wani baƙon ya nufi birnin daga arewa, ta cikin hamada, shi da ɗan'uwansa da raƙumansu. Sunansa Mordekai Abi Serur. Baƙauyen Maroko ne, Bayahude, kuma malami a addininsu, irin wanda suke kira rabbi.

A Kaura Namoda ko Shinkafi, kalmar Bayahude ba baƙuwa ba ce. Muna jin ta a tafsirin azumi, muna jin ta a labaran rediyo da safe da yamma, wani lokaci ma a bakin 'yan kasuwa in ciniki ya yi tsami. Amma in ka tambayi mutum ɗari wa ya taɓa ganin malaminsu, ko ya san yadda ake zama shi, da wuya ka samu ɗaya. Babu majami'ar Yahudawa a Zamfara. Kano ta san Saul Raccah, mutumin Tarabulus da ya yi suna a cinikin gyaɗa a shekarun 1930, lokacin da jirgin ƙasa bai daɗe da isowa Kaura ba, amma shi ɗan kasuwa ne. Malaman nasu dai sunansu kawai muke da shi, cikin Suratul Ma'ida inda aka ambaci rabbaniyyuna da ahbaru, da kuma tarihin Abdullahi ɗan Salamu, wanda babban masani ne a cikin Yahudawan Madina kafin ya musulunta. Kunnen Musulmi kan yi tsam in ya ji "rabbi", don ta yi kama da yadda muke kiran Ubangiji. Tushen kalmar ɗaya ne a Larabci da Ibrananci, girma take nufi, sai dai su a bakinsu ba ta wuce "malamina" ba. Yahudawan ƙasashen Larabawa ma sukan ce hakam, wato mai hikima.

Na zaɓi labarin Mordekai ne saboda duk uban da ya taɓa ɗora wa ɗansa allo da 'yar jakar tsumma ya ce tafi gabas, zai gane rayuwar nan tun daga farkonta.

An haife shi wajen 1826 a Akka, wani garin dabino a kudancin Maroko, daf da inda hamada ta fara. Zango ne na ayarin da ke zuwa ƙasashen baƙar fata. Ubansa maƙerin fari ne, sana'ar da ta daɗe a hannun Yahudawan wannan yanki. Yana da shekara tara ya bar gida zuwa Marakish neman karatu. Yana da sha uku malamansa suka ga kansa na ja, aka ce ya wuce Ƙudus. Babu wanda ya ba shi kuɗin jirgi a dunƙule. Daga wannan gari zuwa wancan ya riƙa bi, ta Tanja da kudancin Faransa da garuruwan daular Turkawa, ko'ina ya sauka jama'ar Yahudawan wurin su ba shi masauki da abinci, su haɗa masa ɗan guzuri, su miƙa shi gaba. Shekara uku ya yi a hanya. Mu da muka tashi muna jin "ko ɗan ƙanzo, iya" a ƙofar gida bayan magariba, mun san wane irin tsari ne wannan: gari ne ke ciyar da ɗalibin da bai haifa ba, don yana ganin lada a ciki.

Karatun kansa fa? Yaro kan fara da Attaura, littattafai biyar na Annabi Musa, da Ibrananci, yana rerawa yana rangaji kamar kolo a gaban wutar kiskali. Amma wanda zai zama rabbi, inda ƙarfin aikinsa yake shi ne Talmud. Asalinsa wani tarin hukunce-hukunce ne da ake kira Mishna, wanda aka tattara wajen shekara ta 200 Miladiyya, sai malaman Iraƙi suka yi ƙarnuka suna sharhi da jayayya a kansa har aka rufe wajen shekara ta 500. A bugun da aka saba da shi, waraƙa 2,711 ne, galibinsa da harshen Aramiya. Ba littafi ne da ake haddacewa a wuce ba. Muhawara ce aka rubuta: wane ya ce, wane ya ƙi, aka kawo hujja, aka rushe ta. Shi ya sa a makarantarsu, da suke kira yeshiba, ɗalibai bibbiyu suke zama, kowa da abokin gardamarsa, ɗakin ya kaure da hayaniya kamar ana rabon gado. Bayan Talmud sai littafin hukunci na aiki, Shulhan Aruk, wanda Yusuf Karo ya rubuta a garin Safad aka buga shi a Banis a 1565. Matsayinsa wurinsu ya yi kusa da na Muhtasar a zaurukan malamanmu na Malikiyya: in aka kawo tambaya, can ake fara dubawa.

Shekara huɗu Mordekai ya yi a Ƙudus, ya fito da shaidar zama rabbi wajen 1846, yana ɗan shekara ashirin. Wannan shaida suna kiran ta semika, ma'anarta ɗora hannu, don sun ce haka Annabi Musa ya yi wa Yusha'u. Waccan silsila ta hannu da hannu ta yanke tun ƙarni na huɗu ko na biyar. Abin da ya rage shi ne takarda daga malami, yana shaida cewa ya jarraba wane, ya yarda ya ba da fatawa. Ijaza ke nan, ba ragi ba ƙari.

A nan ne mutanenmu kan yi kuskure, su ɗauka rabbi kamar fada ne na coci, ko kuma liman. Bai zama dole ya ja salla ba. Yahudawa na da salloli uku a yini, safe da la'asar da dare, kuma duk balagaggen da ya iya yana iya shiga gaba. Mai daɗin murya da aka ware don haka sunansa hazan. Shi rabbi aikinsa ya fi kama da na malamin unguwa da alƙali a haɗe. Mace ta yanka kaza ta ga wani abu a hanjinta, sai ta aiko yaro da ita a tambaya ko ta halatta. Cokalin nama ya faɗa cikin tukunyar madara, abin da shari'arsu ta hana haɗawa, sai a zo a ji hukunci. Shi ke duba wuƙar mahauci ko tana da gimtsi, shi ke rubuta takardar aure, in aure ya mutu shi da wasu malamai biyu ke zama a rubuta takardar saki. Ran Asabar ya yi wa'azi, sauran kwanaki ya karantar da yara. A ƙaramin gari kuwa, mutum ɗaya ne rabbi, shi ne mahauci, shi ne mai yi wa jarirai kaciya ran kwana takwas, shi ne kuma mai raka gawa.

To wa ke ciyar da shi? Wannan tambaya ta daɗe tana hana su barci, kamar yadda maganar kuɗin Laraba da sadakar malam ba ta ƙarewa a wurinmu. Musa ɗan Maimun, babban malaminsu da aka haifa a Ƙurɗuba ya rasu a Masar a 1204, ya tsaya kai da fata cewa haramun ne mutum ya mai da Attaura abin neman tuwo. Shi da likitanci ya ci abinci, a fadar Salahuddin. Kusan shekara ɗari biyu bayansa, a 1391, aka far wa Yahudawan Andalus da tsibirin Mayorka, wani malami likita mai suna Shim'on ɗan Semah Duran ya tsere zuwa birnin Aljiyas ba shi da ko anini. Likitancin bai ci da shi a can ba, dole ya karɓi albashi daga jama'a. Sai ya kafa hujja cewa ba ilimin ake saya ba, ana biyansa diyyar lokacin da ya bari ne, wanda da ya yi sana'a da shi. Da wannan hujja aka buɗe ƙofa, rabbi ya zama ma'aikacin jama'arsa. Ni dai ina ganin Musa ɗan Maimun ya hango wani abu. Wanda ke ba ka tuwo, da wuya ka gaya masa kazarsa mushe ce.

Mordekai ya shiga wannan layi. Ya karantar da yara shekara guda a Halab ta ƙasar Sham, sannan ya gangaro Aljeriya, wadda Faransawa suka ci tun 1830. Ya riƙe jama'a a Philippeville, garin da ake kira Skikda yanzu, daga nan ya koma Aljiyas, garin Duran. Kimanin shekara goma ya yi a wannan aiki. Da ya ci gaba a haka, da yau babu mai tuna shi, don irinsa ɗaruruwa ne: malamin talakawa, albashi kamar na ɗan tsako, yara arba'in a ɗaki ɗaya. Amma ɗan Akka ne. Ya tashi yana ganin raƙuma na sauke gashin jimina da hauren giwa da zinariya a bayan gidansu, yana kuma jin cewa inda ake samo su Bayahude ba ya shiga.

Dalilin hanin yana da alaƙa da mu kai tsaye. Shehu Muhammadu ɗan Abdulkarim Almagili, mutumin Tilimsan, wanda ya zauna a Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa ya rubuta masa littafin shawara kan mulki, wanda kuma Sharifan Kano ke danganta kansu da shi, kafin ya zo ƙasar Hausa ya yi rigima da Yahudawan Tuwat a tsakiyar hamada. Ya yi fatawa cewa sun karya sharuɗɗan amana, a rushe majami'arsu ta Tamantit. Alƙalin Tuwat na lokacin, Abdullahi al-Asnuni, bai yarda da shi ba, aka yi ta aika tambaya ga malaman Fas da Tunis da Tilimsan, wasu suka goyi bayan wannan, wasu wancan. Ƙarshe dai aka rushe ta wajen 1492, jama'ar ta watse. Daga baya Almagili ya je Gawo wurin Askiya Muhammadu, kuma daga wannan zamani aka rufe wa Yahudawa ƙofar daular Sanwai. Hasan al-Wazzan, wanda Turawa ke kira Leo Africanus, ya ga haka da idonsa a farkon ƙarni na sha shida ya rubuta. Daula ta faɗi, sarakuna suka shuɗe, hanin bai tashi ba har shekara ɗari uku da 'yan kai.

Mordekai da ɗan'uwansa Ishaƙu suka ɗaura kaya daga Akka. A Arawan, wata rijiya da 'yan gidaje cikin tsakiyar yashi, inda ayarin gishirin Taudeni ke yada zango kafin Tambutu, shehin garin ya tare su. A nan karatun yeshiba ya yi rana. Mutumin da ya shekara huɗu yana gardama da abokin zama tun safe har dare, ya kuma tashi cikin Musulmi yana jin Larabci kamar ruwa, bai roƙi alfarma ba. Da fiƙihun Musulunci ya kare kansa: shi ma'abocin littafi ne, shari'a ta ba shi damar zama ƙarƙashin amana in ya biya jiziya. Bai mutu ba, amma bai wuce ba. Kusan shekara guda suka yi a Arawan kafin a sake su. Da suka shiga Tambutu ma 'yan kasuwar da suka riga su ba su yi murna ba, abin da kowane ɗan kasuwa zai gane ba sai an kawo addini ba. Sai ya kai kukansa ga mai ƙasar, Ahmadu Ahmadu, Bafulatanin Hamdallahi, jikan Shehu Ahmadu Lobbo na Masina. Wannan sarki shi ne wanda 'yan shekaru kafin nan ya matsa a kori Barth daga birnin, sai da Shehu Ahmad al-Bakka'i ya tsaya masa. Ga Bayahuden kuwa ya yarda: su zauna, su yi ciniki, su biya haraji duk shekara.

Kasuwa ta yi kyau. A 1863 Mordekai ya koma Akka da dukiya, ya cika wa tsohonsa hannu. Abin da ya yi bayan haka shi ya nuna cewa rigar fatauci kawai ya sa, malamin na nan a ciki. Maimakon ya riƙe sirrin kasuwar shi kaɗai, sai ya bi 'yan'uwa da dangi da maƙwabta yana lallashi su biyo shi.

A addininsu akwai abin da suke kira minyan. Sallar jam'i ba ta tsayuwa sai an sami maza goma da suka kai shekara sha uku. In tara ne, ko da dukansu manyan malamai ne, kowa sai dai ya yi tasa shi kaɗai. Ba za a buɗe naɗaɗɗen littafin Attaura a karanta a bainar jama'a ba, maraya ba zai yi wa mahaifinsa addu'ar da suke kira kadish ba. Shi littafin nan da hannu ake rubuta shi a kan fata, harafi 304,805, marubuci kan shekara a kansa, in harafi ɗaya ya ɓaci sai an gyara kafin a sake karantawa. Alaramman da ya taɓa rubuta Alƙur'ani da ka ya san wannan azaba da wannan daɗi. Ana fito da shi ran Asabar, da kuma Litinin da Alhamis, don a zamanin da waɗannan ne ranakun kasuwa, ranar da mutanen ƙauye ke shigowa gari. Duk wanda ya ga yadda Shinkafi ke cika ran Alhamis, daga Zurmi da Isa har da mutanen Nijar, ya san hikimar. Inda jama'a take, can ake kai karatu.

Saboda haka rabbin da ba shi da goma, malami ne kawai mai takarda a jaka. Wajen ƙarshen 1864 aka ƙirga Yahudawa maza baligai a Tambutu, aka samu goma sha ɗaya. Goma, da ɗaya na ko-ta-kwana in wani ya kwanta zazzaɓi. A wani ɗakin ƙasa, cikin birnin su Ahmad Baba da masallacin Sankore, aka tsai da sallar jam'i ta Yahudawa, mai yiwuwa karo na farko tun zamanin Askiya. A duk rayuwar Mordekai, wannan ce jama'ar da ba gadonta ya yi ba, ba kuma haya aka ɗauke shi ya yi mata aiki ba. Shi ya tara ta da hannunsa, mutum ɗaya ɗaya, ya ratso da ita hamada.

Ba ta daɗe ba. Tun 1862 Alhaji Umaru Tal, wanda ya zauna a Sakkwato ya auri 'yar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ya ci Hamdallahi, aka kashe Ahmadu Ahmadu. Wanda ya ba da amana ya tafi, ƙasa ta rikice, hanyoyi suka zama na mai ƙarfi. Aka tare ayarin Mordekai aka kwashe, ya farfaɗo, aka sake tarewa. Ishaƙu ya rasu a can. Ba sai na yi wa mutumin Zurmi ko direban da ke bin hanyar Kaura zuwa Shinkafi bayanin yadda dukiyar shekara goma ke tafiya a yini ɗaya ba, ko yadda gari ke zubewa a hankali, yau gida ɗaya ya tashi, gobe biyu. Kafin 1870 ya dawo Maroko hannu rabbana, goman nan kuwa ta watse.

Yau da yawa daga cikin masu son zama rabbi ba sa bin wannan hanya. Tun ƙarni na sha tara abin ya koma makaranta mai aji da jarrabawa. An buɗe ta farko irin wannan mai tasiri a Breslau a 1854, sai Hebrew Union College a Cincinnati ta Amurka a 1875, sai Jewish Theological Seminary a New York a 1886. Galibi sai mutum ya gama digiri, sannan ya yi kamar shekara biyar, ɗaya daga ciki a Ƙudus. Ban da Talmud ana koya masa tarihi, da yadda ake wa'azi, da yadda ake zama da marar lafiya ko ma'auratan da ke rikici. In ya fito sai ya nemi aiki. Kwamitin majami'a ya kira shi ya kwana biyu da su, ya yi wa'azin gwaji, su tattauna albashi, a sa hannu kan yarjejeniyar 'yan shekaru. Yakan fara da mataimaki a babbar majami'a, ko shi kaɗai a ƙarama. In wa'adi ya cika kwamiti na iya cewa an gode. Hujjar Duran ce ta yi 'ya'ya har da jikoki. Masu riƙon gargajiya dai har yanzu suna nan kan yeshiba da ijazar malami, kuma galibinsu ba su yarda mace ta zama rabbi ba. Sauran ɓangarorin sun yarda. Ta farko ita ce Regina Jonas a Jamus a 1935, wadda 'yan Nazi suka kashe a sansanin Auschwitz a 1944, sai Sally Priesand a Amurka a 1972.

A Afirka ta kudu da hamada, wanda ya fi fitowa fili a wannan sabuwar hanya shi ne Gershom Sizomu na Yuganda. Jama'arsa, Abayudaya, suna zaune a ƙauyukan da ke kewaye da Mbale. Asalinsu wani jarumin Baganda ne, Semei Kakungulu, wanda ya karanta Tsohon Alkawari ya yanke shawarar bin sa shi kaɗai a 1919. Kakan Sizomu da ubansa duk sun shugabanci jama'ar. Yana yaro Idi Amin ya haramta addinin, aka rufe majami'u, mutane suka ragu zuwa 'yan ɗaruruwa masu ibada a ɓoye, har gwamnatin ta faɗi a Afrilun 1979, daidai shigowar Idin Ƙetarewa na Yahudawa. Wani abin da zai ba mai karatu mamaki: digirinsa na farko a Jami'ar Musulunci ta Yuganda ya yi shi, a Mbale, wadda tagwaya ce da Jami'ar Musulunci ta Say a Nijar, garin da Barth ya haye kogi. Daga nan ya tafi makarantar Ziegler a Los Angeles, ya shekara biyar, aka ba shi semika a 2008, ya dawo gida. Ya buɗe yeshiba a tudun Nabugoye, ya shiga siyasa, a 2016 ya ci kujerar majalisar dokoki a mazaɓar da Yahudawa ba su kai cikin cokali ba, da ƙuri'un Musulmi da Kirista. Wasu matasa daga cikin Inyamuran Najeriya masu bin Yahudanci, waɗanda ke da majami'u a kudu maso gabas da kuma Abuja, wurinsa suke zuwa karatu. Manyan malaman gwamnati na Isra'ila dai ba su amince da Yahudancin waɗannan jama'o'i ba, rigimar da ta isa rahoto mai zaman kansa.

Mordekai bai ga zamanin yarjejeniya da fansho ba. Da ya dawo daga Tambutu yana da shekara arba'in da 'yan kai, abin sayarwa ɗaya ya rage masa, wato sanin hanya. Ƙaramin jakadan Faransa a Sawira, Auguste Beaumier, ya zauna da shi ya rubuta labarinsa, aka buga a mujallar ƙungiyar masana ƙasa ta Paris a 1870. Daga nan Turawa suka gano shi. Suka koya masa busar da ganye tsakanin takardu, suka aike shi kudancin Maroko, inda su ba sa iya shiga, ya riƙa tattaro musu tsirrai da duwatsu, yana kwafo zanen dabbobin da mutanen zamanin da suka sassaƙa a jikin duwatsu. Ya rubuta wani ɗan bayani kan Daggatun, wasu makiyaya a cikin Buzaye da ya ce asalinsu Yahudawa ne, aka fassara shi daga Ibrananci aka buga a 1880. Duk wannan bai cika tukunya ba. Ya koma abin da ya fara da shi, karantar da yara, wannan karo a Wahran ta Aljeriya, ga ido ya fara rauni.

A 1883 mai kula da ɗakin karatu na Aljiyas, Oscar MacCarthy, ya haɗa shi da wani saurayi ɗan manyan gida, tsohon hafsan sojan Faransa mai shekara ashirin da huɗu, Charles de Foucauld. Yaron na son ya ratsa Maroko ya zana taswirarta, ƙasar da Nasara ba ya shiga cikinta ya fito lafiya. Dabarar da aka yanke ita ce ya yi shigar Bayahude, don Bayahude talaka ba wanda ke ɗaga kai ya dube shi. Aka sa masa suna rabbi Yusuf Aleman, wai daga ƙasar Rasha ya fito, don kada a yi mamakin karyayyen harshensa. Rabbi na gaske ya zama ɗan rakiyar rabbi na ƙarya, a kan albashin wata.

Suka tashi a watan Yuni 1883, suka fito a watan Mayu 1884, bayan tafiyar kusan kilomita dubu uku. Saurayin na tafe da ɗan littafi da bai fi tafin hannu ba da guntun fensir, yana rubutu a ɓoye cikin hannun riga. In sun sauka a unguwar Yahudawa, Mordekai ne ke neman ɗaki mai soro, ya zauna a ƙasa ya tara mutane da surutu da tallar magani, ko ya tsare matakala, yayin da wancan ke sama yana auna rana da taurari. Shi ya san gidan da za a kwana, da shehin da za a biya kuɗin rakiya, da amsar da za a ba mai tambayar da ta wuce kima. Ba su jitu ba. Saurayin na son sauri da bin hanya mai haɗari, tsohon na son ya koma wa iyalinsa da rai, suka yi ta cacar baki har ƙarshe.

Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. A 1885 ƙungiyar masana ƙasa ta Paris ta ba Foucauld lambar zinariya. A 1888 littafinsa ya fito, sojojin Faransa suka yi amfani da taswirorinsa daga baya, sunan Mordekai kuwa sai an tona kafin a gan shi a ciki. Foucauld ya tuba ya zama mai zuhudu, ya zauna cikin Buzaye a Tamanrasat har aka kashe shi a 1916, kuma a 2022 Fafaroma ya sa shi cikin waliyyan cocin Katolika.

Mordekai bai ga ko littafin ba. Ya koma Aljiyas, kuɗin rakiya suka ƙare. Masu tarihinsa sun ce a ƙarshe alkimiyya ya shiga, yana dafa zaiba a ɗaki yana neman ta zama zinariya, ɗan maƙerin farin da ya taɓa auna zinariyar gaske da mizani a kasuwar Tambutu, kuma ana zaton hayaƙin ne ya ƙarasa shi. Ya rasu a 1886 yana da kimanin shekara sittin, kusan makaho. Sai a 1998 wani masani, Jacob Oliel, ya bi sawunsa daga Akka zuwa Ƙudus zuwa Tambutu ya rubuta tarihinsa a littafi guda.